Allurar toshe jijiya don ciwon ƙashin wutsiya da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa

Tambaya: Wata takwas ke nan da na zame na faɗi zaune da ƙarfi. Tun daga ranar ba na iya zaman minti ashirin ba tare da ƙarshen ƙashin bayana ya ɗau zafi ba, kuma tashi daga kujera ya fi komai azaba. Na sha magungunan kashe zafi, na sayi matashin zama, na je gashin ƙashi, sauƙin kaɗan ne. Yanzu likita ya ce a yi mini allurar toshe jijiya. Yaya ake yin ta, mene ne haɗarinta, kuma za ta raba ni da ciwon gaba ɗaya?

Amsa: Sannu Malama, Allah ya ƙara sauƙi. A matakin da kike, shawarar likitanki tana kan hanya. Yawancin masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin 'yan makonni ko watanni da magani da gyaran zama kawai, shi ya sa ba a gaggawar kai allura wurin. Amma idan an haura wata uku zuwa shida ana fama, lokacin allura ya yi. Sai dai ki shiga da sanin cewa aiki biyu take yi a lokaci guda: gwaji ce da ke nuna ta inda ciwon ke bi, kuma magani ce da ke kwantar da shi na wani lokaci. Ba ta gyara ƙashin da ya goce.

Ƙashin wutsiya ɗan ƙaramin ƙashi ne a can ƙarshen ƙashin baya, gaɓoɓinsa uku zuwa biyar, galibi huɗu. Yana haɗe da babban ƙashin nan mai kusurwa uku da ke tsakiyar ƙugu ta baya, wanda likitoci ke kira sakram, kuma tsakaninsu akwai siririn guringuntsi. Ta gabansa dubura ce, tazarar da ke tsakani ba ta da yawa. A cikin wannan 'yar tazara akwai wani ƙullin jijiyoyi guda ɗaya tak, inda jerin jijiyoyi biyu da suka sauko ta dama da hagun ƙashin baya suke haɗewa. Sunansa gangiliyon impa, wasu kuma su ce ƙullin Walther. Saƙon ciwo daga ƙashin wutsiya, da ƙarshen dubura, da fatar da ke tsakanin gaba da baya, wani ɓangarensa ta nan yake ratsawa. Shi ake nufi da allurar da ake magana.

Wannan allura ba don ciwon ƙashin wutsiya aka fara yin ta ba. Likita Plancarte na ƙasar Meziko da abokan aikinsa ne suka bayyana ta a 1990, don masu ciwon daji a ƙasan mara. A lokacin lanƙwasa allurar ake yi, a shigar da ita ta tsakanin ƙarshen ƙashin da bakin dubura, likita yana saka yatsa a dubura don kada ta huda hanji. A 1995 Wemm da Saberski suka kawo hanyar da ta fi sauƙi da aminci: a bi kai tsaye ta cikin guringuntsin da ke tsakanin sakram da ƙashin wutsiya. Ita ce mafi yawan likitoci ke bi a yau.

Kafin a kai ga allura akwai abin da nake ganin bai kamata a tsallake ba, kuma ana yawan tsallake shi, wato hoton eksire na zaune da na tsaye. Hoton da aka ɗauka mutum yana kwance ko yana tsaye sau da yawa ba ya nuna komai, domin ciwon na zama ne. Likita Maigne na Faransa ne ya yaɗa wannan hanya a shekarun 1990: a ɗau hoto ta gefe kina tsaye, sannan ki zauna a kan abu mai tauri har ciwon ya taso, a sake ɗauka, a gwada biyun. Idan ƙashin ya lanƙwashe gaba fiye da digiri 25, ko wata gaɓa ta zame baya, to ƙashin ba ya tsaye da kyau. Abin da kika faɗa cewa tashi daga zaune ya fi zafi yana yawan tafiya da irin wannan zamewa. Hoton yana kuma iya nuna ɗan tsinin ƙashi a ƙarshen wutsiyar, wanda ke sukar nama idan an zauna, musamman ga marasa jiki. Sanin wannan yana canza inda za a sa allurar, yana kuma canza abin da za ki sa rai da shi.

Idan kuma akwai ciwon da ke tashin ki da dare ko kina kwance, ramewa ba dalili, zazzaɓi, jini a bayan gida, kumburi a wurin, rashin ji a fatar da ke tsakanin cinyoyi, ko fitsari da bayan gida sun fara kuɓuce miki, to ba maganar allura ba ce tukuna. Hoton MRI ake fara yi, domin akwai ƙari irin kodoma da ke fitowa a daidai wannan wuri, da ƙwayoyin cuta a ƙashi, da matsewar jijiyoyin ƙasan baya. Ba su da yawa, amma rufe su da allura babban kuskure ne.

Shirin ranar ba shi da wuya. Ki faɗa wa likita idan kina shan maganin tsinka jini irin su wafarin, kulofidogirel ko asfirin, kuma kada ki daina da kanki, shi zai yanke ko a tsayar da kwana nawa. Ki faɗa idan kina da ciwon sukari, ko akwai yiwuwar juna biyu, tunda da eksire ake aikin. Haka idan jikinki ya taɓa ƙin ruwan da ake sa wa don hoto ya fito, ko maganin kashe zafi na allura. Ƙurji, maruru ko ramin gashi mai fitar da ruwa a tsagin ɗuwawu suna hana aikin har sai sun warke, domin allurar za ta kwashi ƙwayoyin cuta daga fata ta kai su cikin ƙashi. Yana da kyau ki yi bayan gida kafin ki zo: dubura idan ta cika tana matsowa kusa da ƙashin, tazarar ta ƙara raguwa. Yawanci ba a sa barci. Idan za a ba da maganin kwantar da hankali ta jijiyar jini, za a ce ki bar abinci na wasu sa'o'i kuma ki zo da mai mayar da ke gida.

Ga yadda aikin ke gudana. Za ki kwanta rub da ciki, a sa matashi ƙarƙashin mararki don ƙugun ya ɗan tashi. A wanke fatar sosai da kulohekzidin ko aidin, a sa ƙyalle a raba wurin aikin da bakin dubura. Sai a juyo na'urar eksire mai nuna hoto kai tsaye ta kallo daga gefe, a gano layin gaɓar da ke tsakanin sakram da ƙashin wutsiya. A kashe fatar da lidoken mai ƙarfin kashi 1 cikin ɗari, mililita 1 zuwa 2. Wannan ne ke yin zafi kamar cizon rina na 'yan daƙiƙoƙi. Bayan haka a ɗauko siririyar allura mai lamba 22 ko 25, a soka ta a tsakiya daidai, a tura ta a hankali ta cikin guringuntsin ana kallon hoto. Za ki ji danni mai nauyi, wani lokaci har ya tayar da ainihin ciwon da kika saba ji. Likitan yana jin lokacin da allurar ta ratsa jijiyar da ke ɗaure gaban gaɓar, domin taurin yana sakewa farat ɗaya. A nan ake tsayawa. Bakin allurar ya leƙa gaban ƙashin da 'yan milimita kawai, ba a ƙara.

Mataki na gaba shi ne ke bambanta aikin kirki da na ganganci. A ja sirinji baya a ga ko jini ko iska za su fito. Sannan a zuba ruwan hoto, rabin mililita zuwa ɗaya. Idan bakin allurar yana daidai, ruwan zai kwanta a jikin gaban ƙashin, sama da ƙasa, ya yi siffar waƙafi. Idan ya taru a cikin gaɓar, allurar ba ta ƙarasa ba. Idan ya ɓace nan take, ta shiga jijiyar jini, domin akwai wata ƙaramar jijiyar jini da ke saukowa ta tsakiyar gaban sakram. Sai a gyara. Idan kuma ya zana cikin hanji, an wuce gona da iri: a janye, a dakatar da aikin ranar, a sa ido, sau da yawa a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Sai an ga siffar da ta dace ake zuba magani.

Abin da ake zubawa galibi bufibaken ne, wato maganin kashe zafi, mai ƙarfin kashi 0.25 ko 0.5 cikin ɗari, mililita 2 zuwa 4, haɗe da sitiroid, wato maganin rage kumburi: metilfirednisolon miligiram 40, ko tirayamsinolon miligiram 40, ko dekzametazon miligiram 4 zuwa 8. Biyun farko suna da ƙananan ƙwayoyi a cikin ruwansu, suna daɗewa a wurin, amma idan suka shiga jijiyar jini suna iya toshe ta. An taɓa ba da rahoton lalacewar ƙarshen lakar baya bayan an yi wannan allura da irin wannan sitiroid ba tare da hoto ba. Abu ne da ba a cika gani ba, amma ya isa hujja: kada ki yarda a yi miki ita da lalube. Wasu likitoci suna amfani da sikanin ko hoton CT. Sikanin yana nuna gaɓar da kyau, amma ba ya ganin abin da ke bayan ƙashi, saboda haka ba ya tabbatar da zurfin allura kamar yadda eksire ta gefe ke yi. Duka aikin minti 10 zuwa 20 ne, sai a ajiye ki kamar rabin awa a duba hawan jini da ƙarfin ƙafafu.

Wani lokaci allurar tana ƙin shiga. Ga mutane da yawa, musamman masu shekaru, gaɓar ta riga ta daskare ta zama ƙashi. Tilasta ta yana lanƙwasa allura ko ya karya ta. Likitan da ya san aikin zai sauka gaɓar da ke ƙasa, tsakanin ƙashin wutsiya na farko da na biyu, ko ya bi ta gefen ƙashin. Sauka ƙasan ma ba asara ba ce, domin binciken gawa ya nuna ƙullin ba wuri ɗaya yake zama ga kowa ba, kuma sau da yawa yana ɗan ƙasa da gaɓar farko.

Sa'o'in farko bayan allurar su ne gwajin, kada ki ɓata su a kwance. Tun kafin ki bar asibiti ki zauna a kan kujera mai tauri, irin wadda ta saba tayar miki da ciwon, ki jingina baya, ki tashi. Ki ba ciwon maki daga 0 zuwa 10 kafin allura, sannan ki rubuta makin kowace awa har dare. Bufibaken yana aiki kamar awa 4 zuwa 8. Idan a cikin wannan lokaci ciwon ya ragu da rabi ko fiye, an tabbatar ta wannan ƙulli yake bi, ko da ya dawo washegari. Dawowar tasa ba gazawa ba ce, nan ne mutane da yawa ke karaya ba dalili. Maganin kashe zafin ya saki, sitiroid kuma bai kama ba tukuna. Yakan ɗauki kwana 2 zuwa 7, wani lokaci har mako biyu. A tsakani ma ciwon yana iya fin na da na kwana ɗaya ko biyu, saboda sukar allura da kuma haushin da sitiroid ke ba nama. Ƙanƙara a naɗe cikin tawul na minti 15 da farasitamol sun isa. Ki bar wurin a bushe na awa 24, ban da shiga baho ko iyo na kwana biyu.

Game da ko za ta raba ki da ciwon: mafi yawan waɗanda aka zaɓa da kyau suna samun sauƙi mai ma'ana, amma tsawonsa ya bambanta ƙwarai, daga 'yan makonni zuwa wata uku ko shida, wasu ƙalilan kuma ciwon ba ya dawowa. Yawancin binciken da aka yi a kanta ƙanana ne, marasa lafiya 'yan gomomi, saboda haka duk wanda ya ba ki tabbacin warkewa ya faɗi abin da hujja ba ta kai ba. Wani gwaji da aka yi a Turkiyya a 2019 ya nuna haɗa sitiroid da maganin kashe zafi ya fi maganin kashe zafi shi kaɗai daɗewa. An kuma lura cewa wanda ciwonsa ya shekara biyu ko fiye, ko ƙashinsa ya goce ya zauna a goce, bai cika jin daɗinta kamar sauran ba. Wata takwas ɗinki bai yi nisa ba.

Idan ba ta yi komai ba ko na awa ɗaya, to abu biyu ne: ko maganin bai kai ƙullin ba, ko ciwon ba ta nan yake bi ba. Na farkon ana gane shi daga hoton da aka adana lokacin aikin, saboda haka ki nemi a ajiye shi a fayil ɗinki. Na biyun kuwa ga yadda yake. Fatar da ke bayan ƙashin wutsiya da naman da ke kewaye da ƙarshensa suna da nasu jijiyoyin, daga tushe na huɗu da na biyar na sakram da jijiyar wutsiya, waɗanda ba sa bi ta ƙullin. Mai tsinin ƙashi allurarsa a ƙarshen ƙashin take. Mai kumburin gaɓa tasa a cikin gaɓar take, kuma likitoci da yawa suna barin ɗan magani a gaɓar yayin janye allura don su jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Akwai wanda ciwonsa daga ɗaurewar tsokokin ƙasan ƙugu ne, wanda ke jin kamar ya zauna a kan ƙwallo. Wannan aikin mai gashin ƙashi ne da ya ƙware a tsokokin wurin, ba na allura ba. Akwai kuma ciwon da ke saukowa daga faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙasan baya. Tun a 1991 binciken Wray da abokansa a Ingila ya nuna allurar sitiroid a kewayen ƙashin ta yi wa kusan kashi 60 cikin ɗari aiki, da aka haɗa ta da motsa ƙashin a ƙarƙashin maganin barci kuma ya kai kusan kashi 85. Wato toshe ƙullin hanya ɗaya ce cikin hanyoyi.

Haɗarin, idan da hoto aka yi, kaɗan ne. Wanda aka fi gani shi ne jiri ko suma na ɗan lokaci saboda bugun zuciya ya sauka, da ɗan tsami a wurin. Huda dubura da shigar ƙwayoyin cuta cikin gaɓa ko ƙashi su ne abin tsoro na gaske, saboda kusancin wurin da bayan gida. Zazzaɓi, ciwo mai ƙaruwa bayan kwana uku, ja ko mugunya a wurin, jini ta dubura, raunin ƙafa ko kasa riƙe fitsari, kowanne daga ciki ki koma asibiti a ranar. Shi kuma sitiroid yana da nasa: sukari yana hawa na kwanaki, har mako ɗaya ga mai ciwon sukari, don haka a riƙa aunawa sau da yawa. Fuska na iya yin ja da zafi, barci ya gagara dare ɗaya ko biyu, al'ada ta rikice wata ɗaya. Idan ya tsiyayo ƙarƙashin fata yayin janye allura, yana iya barin farin tabo ko ɗan rami, kuma farin tabon ya fi bayyana a baƙar fata. Wanke allurar da ɗan ruwan gishiri kafin a zare ta yana rage wannan.

Ana iya maimaitawa idan ta farko ta yi aiki sannan ya dawo, amma yawancin likitoci ba sa wuce uku ko huɗu a shekara saboda tarin sitiroid a jiki. Idan kowace allura tana ba da sauƙi sosai amma gajere, mataki na gaba shi ne aiki da igiyar rediyo ta allura ta musamman a daidai wurin. Iri biyu ne. Akwai mai ƙona ƙullin da zafin kusan digiri 80 na minti ɗaya zuwa biyu, akwai mai bugawa tsaitsaye wanda ba ya wuce digiri 42, ba ya ƙonawa, sai dai ya dagula saƙon ciwon. Sauƙinsu yakan fi na allura daɗewa, sau da yawa watanni shida ko fiye, amma jijiya tana farfaɗowa. Kashe ƙullin da fenol ko barasa mai tsafta kuwa, a ganina a bar wa masu ciwon daji. Ruwa ne, ba ya tsayawa inda aka ajiye shi, kuma idan ya malala zuwa jijiyoyin da ke riƙe fitsari da bayan gida ɓarnar tana iya zama ta dindindin. Bai dace a ɗau wannan kasada a kan ciwon faɗuwa ba.

Makonnin da ciwon ya lafa su ne lokacin gyara abin da ke ciyar da shi. Matashin da ya dace shi ne mai gangara gaba wanda aka yanke bayansa, yadda ƙashin zai rataya a sarari. Mai zagaye da rami a tsakiya don basir aka yi shi, kuma gefensa na baya sau da yawa yana danna daidai inda ke ciwo. Ki riƙa zama kina ɗan karkata gaba don nauyi ya sauka a kan ƙasusuwan ɗuwawu biyu, ki tashi duk minti 20 zuwa 30, ki guji kujera mai laushin da ake nutsewa a ciki. Ki hana kanki taurin bayan gida, domin yunƙuri yana jan ƙashin. Ki koma gashin ƙashi a wannan lokaci, tunda yanzu za ki iya jure atisayen da a da zafi ya hana.

Idan hoton zaune da tsaye ya nuna ƙashin yana zamewa sosai, kuma allura ta tabbatar nan ne tushen ciwon amma sauƙin ba ya daɗewa, sai a fara maganar tiyatar cire ƙashin wutsiyar. Masu irin wannan hoto ne suka fi cin moriyarta. Babbar matsalarta ita ce wurin da aka yanka yana saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta saboda kusanci da dubura, kuma sai an yi watanni kafin zama ya daidaita, shi ya sa ba a zuwa gare ta sai an gwada sauran hanyoyin na aƙalla wata shida zuwa shekara.